Kwana Bakwai a Kan Allon Kayal

Alaikuppam, Litinin

Zuwa ga Anjalai, uwar ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya zafin Kuwait, yaya ciwon bayan nan naki, yaya mutanen gidan da kike wa aiki? Mu nan lafiya lau. Na zaɓi takarda ne don minti biyar ɗin da uwar ɗakinki ke ba ki a waya ba za su ɗauki maganar nan ba, kuma 'yarki ba ta barin gefen wayar.

'Yarki Kayal ta jawo mini magana. Kin tuna makarantar da aka buɗe a ƙarshen gaɓa, bayan inda muke shanya koma, wadda ake koyar da hawan igiyar ruwa a kan allo? Wai makaranta! Rumfa ce da alluna a jingine. 'Yan Bangalore da Turawa su kwaso jiki su zo, su dambara farin mai a fuska, su biya kuɗi don a kai su inda ruwa bai wuce ƙugu ba su yi ta faɗuwa. Mu in ruwa ya kayar da namu makoki muke yi, su hoto suke ɗauka. To ashe shekara biyu ke nan 'yarki tana cikinsu, ina can tsakiyar teku ban sani ba. Yanzu mai rumfar yana son ya ɗauke ta aiki, ta riƙa koya wa mata. Kin kuwa san dokar garinmu: mace ba ta aikin teku sai ubanta ya tsaya gaban dattawa a ƙofar haikali ya ce ya yarda. Na ce ban yarda ba.

Da na tsaya nan da an wuce wurin. Sai yau da safe a wurin mai shayi wanki Munusami, mai bakin reza, ya tsokane ni. Ya ce, "Machan, surukina, faɗi gaskiya mana, ka hana yarinya ne don ta fi ka sanin ruwa." Na ce masa abin da yaran nan ke yi ba sanin ruwa ba ne, shashanci ne. Ni da na shekara talatin da shida a tsaye kan gungumen kwalekwale, a ba ni ƙyauren nan, kafin shayina ya huce na hau shi. Ban san Kayal tana bayana ba, ta zo sayen wainar idli. Ta ce, "Appa, bar shayinka ya huce, na ba ka kwana bakwai. In ka miƙe a kan allona, igiya ta kawo ka har kan yashi, allon ya zama naka, ka shanya kifi a kai, ni kuma na bar ruwa har abada. In ka kasa, ka tsaya gaban dattawa." Mutum ya kai ashirin a wurin. Na ce na ji, na karɓa.

Kada ki sa damuwa a ranki. Kafin wannan ta iso hannunki an gama, 'yarki ta dawo hayyacinta, ni kuma na samu abin shanyar kifi mai kyau. Ki riƙa shafa man nan a bayanki.

Mijinki,
Desingu

Alaikuppam, Asabar

Anjalai,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina cin abinci kina samun barci. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwoyi, da haƙarƙari, da wuya, da hanci.

Yau kwana biyar. Bari in gaya miki irin wulaƙancin da ke cikin sana'ar da 'yarki ta zaɓa. Da farko ba a ma shiga ruwa. A kan yashi ake kwantar da mutum rub da ciki, ya yi ta iyo da hannu a busasshiyar ƙasa, sannan a ce ya zabura ya miƙe. Ni, da furfurata, mata masu tallan kifi suna wucewa da kwanduna a ka! A gefena an kwantar da wani ɗan Bangalore mai tumbi, wai injiniya ne, ya juyo ya ce, "Yallaɓai, kai ma yau ka fara ganin teku?" Na juya masa ƙeya. Daga nan aka ɗaura mini madaurin roba a idon sawu kamar akuya a turke, wai kada allon ya gudu. Kuma wa ke ba da umarni? Yarinyar da ni na koya mata sa loma a baki.

Allon kansa abin raini ne, ba nauyi, ba mutunci. Gungumen kwalekwale in ka taka shi ya san an taka shi. Wannan kuwa ka ɗora ƙafa ɗaya ya zame ya bar ka. Ranar farko na sha ruwan da ban sha ba tun ina yaro. Rana ta biyu ya juyo ya naushe ni a hanci. Wanki ya ɗauko kujera daga gida, yana zaune a gaɓa da ƙullin gyaɗa yana kwaɗa kira, "Machan, shayin ya huce, a ɗumamo maka?"

Duk wannan bai dame ni ba, tsayuwar ma na fara kama ta. Abin da ya dame ni daban ne, ke kaɗai zan gaya wa. Igiya ba ta ɗaukata. Injiniyan nan mai tumbi jiya ta ɗauke shi, ya taho a durƙushe yana ihu kamar an yi masa haihuwa. Ni kuwa in ta taso a bayana, Kayal na cewa, "Ja ruwa, Appa, ja!" sai in ji hannuwana sun tsaya da kansu, sun nutse sun ja birki. Igiyar ta ɗaga ni, ta wuce ta ƙarƙashina, sannan in bi ta da ƙarfi. Sau talatin ko fi, haka.

Kin san dalili. Haka muke shigo da kwalekwale tun kakanni: ka tsaya a waje ka ƙirga, ka bar babbar ta wuce, ka hau bayanta ka bi ta zuwa gaɓa. Mai hankali ba ya shiga gabanta. Ƙanena Kasi ya shiga gabanta sau ɗaya, yana gaggawar kasuwa, ta ɗaga gindin kwalekwalen ta kifa shi, gungume ya same shi a ƙeya. Ke kika riƙe matarsa ranar, ni na jawo shi kan yashi. Yanzu ga wasu marasa aikin yi sun mayar da wurin da ya mutu filin wasa, kuma suna so in ba su 'yata. Ki ce mini wane uba ne zai yarda.

Saura kwana biyu. Zan hau ƙyauren nan ko da haƙora ne.

Naki,
Desingu

Alaikuppam, Talata

Anjalai, matata,

Gaisuwa da fatan alheri. Mariyamman, allahiyar haikalinmu, ta tsare ki, ta dawo mana da ke lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma in kin gama kada ki nuna wa kowa, musamman wanki.

Ranar Lahadi, kwana na shida, mun fita ni da ita, muna kwance a kan alluna muna jira. Ta daɗe tana kallon hannuwana. Sai ta ce, "Appa, na gano ka tun ranar farko, na yi shiru don ina son in ci. Amma na kasa, ba haka ake koyarwa ba. Kai bayan igiya kake jira. A nan gabanta ake shiga. In ta taso kada ka waiwaya, idonka a kan hasumiyar haikali, ka ja sau uku bayan ka ji kamar ta kama ka." Na ce, "Ke, kin san abin da kike yi kuwa? Wuƙa kike miƙo mini." Ta ce, "Na sani. Kwanta daidai, ga wata nan."

Na ji kunya, Anjalai. Kwana shida ina neman in raba yarinyar nan da abin da take so, ita kuwa tana tsaye cikin ruwa har wuya tana gyara mini ƙafa.

Jiya gari ya fito kaf. Dattawa biyar da farin zane, masu tallan kifi, Turawa da wayoyinsu a sama, wanki a kujerarsa. Sau huɗu hannuwana suna cin amanata. A na biyar na ji ƙarar igiyar a bayana, ƙarar nan da na sani. Na kafa ido a kan hasumiya, na ja, na ja, na ƙara uku. Sai allon ya daina zama ƙyaure, ya zabura da ni. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na tsaya, Anjalai. A gaban igiya, inda Kasi ya tsaya, kuma ba ta kashe ni ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai daɗi, na kuma ji haushin daɗin. Gaɓa tana tahowa, na ga Munusami ya miƙe gyaɗarsa ta zube. Bai fi taku goma ya rage in taɓa yashi ba. Nan na hango 'yarki tana gudu cikin ruwa ta gefena, tana tsalle tana tafi, tana ihu, "Riƙe, Appa! Lanƙwasa gwiwa! Ka kusa!" Sakarya, allonta da aikinta suna tafiya a ƙarƙashin ƙafata, ita murna take yi.

Sai na duba dama, na ga wurin da ba dutse, na faɗa ruwa.

Dariyar da aka yi mini an ji ta a kasuwa. Na fito ina tsine wa allon, na ce santsi ne da shi, aikin banza na mutanen banza. Wanki ya raɗa mini suna Taku Goma, kuma na san da shi za a ƙone gawata. Da yamma na sa farar riga na tsaya a ƙofar haikali, na ce na yarda. Babban dattijo ya ce in ɗaga murya, na ɗaga.

A gida ta zuba mini shinkafa da miyar kifi, ta ajiye ludayi. Ta ce, "Appa, shekara biyu ina kallon mutane suna faɗuwa. Ban taɓa ganin wanda ruwa ya kayar ya tsaya zaɓen wurin faɗuwa ba." Na ce ta rufe mini baki ta ƙaro miya. Ta ƙaro, ta ba ni kan kifin, wanda tun tafiyarki ita ke cinye shi.

Har yanzu ina nan a kan bakana: shashanci ne, kuma duk wanda ya biya kuɗi don ya faɗa ruwa a duba kansa. Tsoron kuma bai bar ni ba, kullum ta fita sai gabana ya faɗi, haka zan ƙare. Amma na gani da idona, yarinyar nan ta san gaban igiya yadda na san bayanta, kuma ba ni da abin da zan koya mata a can.

In za ki aiko da saƙo, ki haɗo da man zafi, babbar kwalba. Ba don komai ba, gobe da yamma in rumfar ta watse ta ce za ta ara mini allon, akwai taku goma da suka rage tsakanina da shi.

Mijinki mai kewarki,
Desingu