Kujerata a Cikin Rami

Singafo, 9 ga Yuni

Tatay,

Gaisuwa mai yawa, babana. Ya ƙafar taka? Ya Nanay, mamata? Busasshen mangwaron ya iso, na gode.

Ka ce in turo hotona a kan dandamali ka nuna wa tsofaffin abokan busarka na garinmu Iloilo. Tatay, babu wannan hoton. Mu makaɗa a rami muke zama, ƙarƙashin dandamalin. 'Yan kallo ba sa hango komai sai sanƙon mai jagorantar kiɗanmu da sanda. Masu goge ne kusa da shi, mu masu sarewa a tsakiya, masu ƙaho uku a bayana, daidai kunnena na hagu.

Na roƙi babbansu, Manong Berting, ya ɗan karkata ƙahonsa. Ya ce, "Inday, ƙanwata, in karkata ina? Nan bango, can ganga. Shekara ashirin ina ramin nan, yanzu ko matata na faɗa ba na ji. Ai riba ce!"

Kada ka damu, ina toshe kunnen da auduga. Ƙarar da yake yi min da safe ba ta wuce kukan sauro ba, likita kuma ya ce in koma bayan wata uku. Na nemi canjin kujera, aka ce nan ne mazaunin sarewa tun kafin a haife ni. Kada Nanay ta ji.

Zan zo bikin gari a Janairu in busa maka har ka gaji. Sai dai idan za ka yi min magana, ka zauna ta damana.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Luningning