Kofin Shayi a Zango na Huɗu

Gindin dutse,
12 ga Mayu.

Zuwa ga matata Yangji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da 'yarmu Futi. Yaya tarin Inna? Ina fata kun gama shukar dankali. Ni dai ga ni nan.

Mun sauko shekaranjiya. Ba mu kai ƙololuwar dutsen ba, iska ta tsare mu kwana biyu a zango na huɗu. Kowa ya dawo da ransa. Sai dai yayanki Tukten, sanyi ya kama masa hannuwa. Yatsun sun fara yin fari, yanzu suna duhu. Likitar Turawan da muke rakawa hawan dutse ta naɗe su, ta ce ba za a san waɗanda za su tsira ba sai an kai shi asibiti a Katmandu. Jibi za mu kama hanya, ni zan raka shi. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Bakinsa dai lafiya lau. Da safe ina ba shi kunun sha'ir a cokali, ya ce, "Mijin ƙanwata, shekara goma kana dafa wa mutane abinci, har yau ba ka san hanyar baki ba? Nan hancina ne." Mutane suka yi dariya. Na ga suna yi, ni ma na buɗe baki.

Na san za ki tambaya ko ina cin abinci. Ina ci. A nan ƙasa akwai shinkafa da miyar wake, akwai dankali da yaji, jiya har miyar tafarnuwa aka yi. Duk ɗanɗanonsu ɗaya ne a bakina. Nakan cinye nawa in wanke kwano.

Ki gai da kowa.
Mijinki,
Finjo.

Masauki a kan hanya,
17 ga Mayu.

Yangji,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Muna jiran jirgin sama, hazo ya rufe gari. Yaya Tukten yana barci. Akwai abin da ban rubuta miki ba a waccan wasiƙar.

Kin san shi ya fitar da ni daga ɗakin girki bana, ya ce wa shugaban tafiya zan iya hawa sama. Shi ya koya mini cewa a can ba a jiran ƙishi, don ba ya zuwa sai jiki ya riga ya bushe. Numfashi kaɗai ma ruwa yake kwashe wa mutum, in jini ya yi kauri kuma ba ya kaiwa yatsu. Aikina kenan a zango na huɗu: in cika tukunya da ƙanƙara in zauna gaban risho. Tukunya fal, sai ka yi awa guda kana kallonta, ta narke ta ba ka kofi uku. Gas na kwana ɗaya muka hau da shi, muka kwana biyu.

Rana ta biyu da yamma na ɗora tukunyar ƙarshe. Mu huɗu ne a tantin, ni da Yaya da Turawa biyu. Ni na sha nawa tun da rana, lokacin Yaya yana waje yana tone tanti daga ƙanƙara, yana duba igiyoyi. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Na haɗa shayi da madara da sukari. Na miƙa wa Turawan, suka karɓa tun kafin in gama miƙa hannu. Haka al'adarsu take, ban ga laifinsu ba. Kofi na uku nasa ne.

Kin dai san Yaya. Ko a gidanmu bai taɓa karɓar kofi a tayin farko ba. Sai ya ɗaga tafin hannu, an ce sha, an sake cewa sha, sai a na uku ya karɓa kamar an yi masa dole. Haka Inna ta rene ku, ni ma haka aka rene ni.

Na ce, "Yaya, ungo."

Ya ce, "Na ƙoshi, sha abinka." Leɓɓansa duk sun tsattsage.

Na ce, "Daure dai."

Ya ce, "Bar shi, mai girki." Ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, amma idonsa na kan kofin.

Saura sau ɗaya, Yangji. Na san saura sau ɗaya. Kofin na da ɗumi a hannuna. Na shanye.

Ya juya ya kwanta. Na sake gwada rishon, ya ƙi kamawa. Washegari iska ta lafa, shi ya shige gaba, yana cire safar hannu yana ɗaura Turawan a igiya, yana mayarwa, har muka kai zango na uku. A nan ya kasa kwance takalminsa.

Da zan ce ƙarancin iskar shaƙa ne ya juya mini kai, kowa zai yarda. Kaina ƙalau yake a lokacin. Kwana nawa ina neman baƙin ciki a zuciyata, ban same shi ba. Abin da yake ta dawo mini kawai shi ne sukarin ya yi yawa.

Ke kaɗai na gaya wa.
Finjo.

Katmandu,
9 ga Yuni.

Zuwa ga Yangji,

Ina gaishe ki, ina gai da Inna da Futi. Ina fata kowa lafiya. Ban samu amsa daga gare ki ba. Ban sani ba ko wasiƙar ce ba ta iso ba, ko ta iso.

An yi aikin ranar Talata. Yatsu shida aka cire, huɗu a dama, biyu a hagu. Manyan yatsun biyu sun tsira, likita ya ce mu gode da haka.

Kafin aikin likitan ya tambaye shi ko ya sha ruwa sosai a sama. Ina tsaye a gefen gado. Yaya ya ce, "Ruwa? Ai wannan mijin ƙanwar tawa ya dame ni da sha, sha, kamar tsohuwa. Saura kaɗan in nutse." Likita ya rubuta.

Na bi likitan waje na tambaye shi ko kofi ɗaya zai iya canza wani abu. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, ya wuce.

Da na dawo na ce, "Yaya, ranar nan a tanti..."

Ya ce, "Ɓare mini lemo, ka cika surutu."

Na ɓare. Har yanzu ban sani ba ko ya manta ne, ko yana sane. Nakan zauna kusa da shi wuni guda, in ba shi abinci, in ci ragowar.

Za mu iso nan da mako biyu. Yanzu sai ki gaya wa Inna, kada ta fara gani da idonta a bakin ƙofa. Ki faɗa mata adadin. Sauran maganar kuwa na bar miki, ki yi da ita yadda kika ga ya dace, ba zan musa ba. In ta fara saƙa masa safar hannu ta hunturu, ki ce ta dakata da yatsun, sai mun zo ta auna.

Ki huta lafiya.
Mijinki,
Finjo.