Na Yi Wa Innata Ƙaho, Na Ɓoye Wa Likita

Malama Ni'imatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, don abin da zan faɗa ko matata ba ta ji shi daga bakina ba.

Ni wanzami ne a Kebbe, gadon gidanmu ne, shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da aska. Bayan girbin bara Innarmu ta fara kukan jiri da ciwon kai. Matar da take tatsar shanu huɗu kafin hantsi, sai ga shi ɗaukar buta ma tana sa ta haki. Ƙanwata Batula, da take aure a Sanyinna, ta zo ganin gida ta kai ta asibitin garinmu. Ma'aikaciyar asibitin ta ja fatar idon Inna ta duba, ta ce jini ya yi ƙasa, ta rubuta takarda a je Tambuwal a yi gwaji. Ni na hana. Na ce wanda aka ce ba shi da jini, ina dalilin a sake zuƙar ɗan abin da ya rage masa? Ga hanya ba kyau, ga tsohuwa a bayan babur. Da Batula ta koma, na ce wa Inna mataccen jini ne ya taru mata a ƙeya, kuma wannan aikina ne. Na kafa mata ƙaho. Ta ce ta ji sakayau, ni kuwa kaina ya fasu. Cikin wata huɗu sau biyar na yi mata, ƙeya da gadon baya, ina haɗa mata da zoɓo da maganin ƙarin jini na kemis. Kin ji wauta, Malama: na hana a ɗebi cikin cokali guda, ni kuma na zauna ina zubar da nata a ƙasa.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Yayana Maccido, malamin makaranta a Dogon Daji, ya zo da mota muka kai ta Tambuwal. Aka yi gwajin da na hana. Likita ya ce jininta bai kai rabin na mai lafiya ba, sai da aka ƙara mata leda biyu. Ya ce ƙwayoyin jininta ƙanana ne kuma sun koɗe, ban dai gane ba sosai. Sai ya tambaya ko tana zubar da jini ta wani wuri. Maccido yana tsaye a gefena. Na ce a'a. Inna ta ɗago ta dube ni, ta gyara ɗankwalinta ya rufe ƙeyar. Wallahi gara a ce ta zage ni.

Yanzu likita ya ce a yi gwajin bayan gida da wasu, in ba a gano inda jinin yake tafiya ba a wuce Sakkwato a zura mata na'ura a duba cikinta. Tana jin tsoro, ta daina cin abinci kirki. In na faɗi gaskiya ƙila a hutar da ita. Amma Maccido dama bai ɗauki sana'ar mahaifinmu da daraja ba, kuma in maganar ta fita, wa zai sake miƙo mini ƙeyarsa a Kebbe? Ni na jawo mata wannan ciwo? Ya zan yi?

Wanzami Mai Nadama, Kebbe

Malam Wanzami, na ji ka, kuma ba zan ƙara maka da faɗa ba, wanda kake yi wa kanka ya isa.

Ba kai ka jawo ciwon ba. Jiri ya riga ƙahonka zuwa, kuma ma'aikaciyar ta ga alamar tun ba ka ɗauko aska ba. Amma ka ƙara mata a kan wanda take ciki, ka kuma jinkirta gwaji wata huɗu. Wannan naka ne, ka karɓa.

Ƙarancin jini ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa ake gwaji. Na farko yana nuna yawan abin da ya rage. Sannan a duba girman jajayen ƙwayoyin. In ƙanana ne koɗaɗɗu, kamar na Inna, galibi sinadarin ƙarfe ne ya ƙare a jiki. In sun yi girma fiye da kima, wasu bitamin ne suka gaza. In daidai suke amma ba yawa, sai a nemi wani ciwo, irin na ƙoda ko zazzaɓin cizon sauro. Kowanne da maganinsa, kwalbar kemis ba ta san bambancin ba. A jikin dattijuwar da ta daina al'ada kuwa, in ƙarfe ya ƙare dole a tambayi inda jini yake zurarewa: tsutsar ciki, gyambon ciki, ko abin da ya fi su. Tambayar da likita ya yi maka ke nan. Ba shari'a yake yi maka ba, sakamako yake son karantawa daidai, kai kuma ka ba shi rabin labari.

Ka koma wajen likitan gobe. Ka faɗa masa sau nawa ka yi ƙahon, yaushe ne na ƙarshe, ka tafi da kwalbar maganin ma, don ita ma tana iya rikita gwaji. Kada ka sa rai za a soke sauran binciken, mai yiwuwa har yanzu ana bukatarsa, likita ne zai yanke. Likita ba ya yawo da sirrin mara lafiya. Maccido kuwa ka faɗa masa da bakinka kafin ku shiga. Zai yi fushi, ɗan'uwanka ne, zai huce. Daga yau duk wanda ya zo maka da jiri, idonsa fari, ka tura shi gwaji tukuna, ba abin da zai ragu a sana'arka.

Ƙahon don tausayinta ka yi shi, ƙaryar kuwa don kanka. Tsohuwa tana kwance ba ta da jini, amma ita ce take rufa maka asiri. Ka sauke mata wannan nauyin, ka nemi gafararta. Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar buɗe baki.

Malama Ni'imatu