Taragon Suruki

Radiyya,

Assalamu alaikum. Ya unguwarmu Dengfeng, ya Rafia? Ki zauna kafin ki karanta. Baba ya ɓace mini.

Kin san ba na iya zama kujera ɗaya da mahaifinki, balle in ci abinci a gabansa. Da muka shiga jirgin ƙasa a nan Japan za mu wajen masu sayar da tsofaffin injuna, na zaunar da shi a taragon baya, na karɓi jakarsa, na koma na gaba. Ashe a wata tasha a hanya ake raba jirgin biyu, gaba ya yi bakin teku, baya ya hau duwatsu. Wayarsa da fasfonsa da maganin sugansa duk suna cikin jakar.

Na dawo tashar. Layuka sun watsu ta ko'ina, ma'aikata sai sunkuyo suke mini, ni kuwa na kasa ko zama. Zan bi jirgin da ya fara zuwa.

Ki yafe mini,
Abdulrasheed

*

Abban Rafia,

Wa'alaikumus salam. Rafia lafiya, ni ce ba lafiya ba. Na rufe shago, na buɗe, na sake rufewa. Laoban, mai shagon da ke kusa da mu, har ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Kunya a Japan! Wa zai gan ka a can, Kano ce? Mutumin da ko "xiexie", na gode da Sinanci, ya ƙi koya shekara da shekaru a kasuwar Shahe a nan China, shi ka bari da Japanawa?

Kar ka hau kowane jirgi, kai ma ka ɓace. Ka nuna wa shugaban tasha hotonsa, ya buga wa duk tashoshin layin. Ka ce masa tsoho ne, bai sha maganinsa ba. Tsoro nake ji ƙwarai.

Allah ya haɗa ku,
Radiyya

*

Radiyya 'yata,

Bayan gaisuwa. Wani mai hular tasha ya ara mini wayarsa a inda jirgi ya ƙare. Sun ba ni shayi mai ɗaci da shinkafa, na yi azahar.

Mijinki ya ɓace. Na duba taragu kaf, babu shi, kuma yaron nan bai karya ba tun safe. Kar ki gaya wa mahaifiyarsa tukuna. In ya kira ki, ki ce ya tsaya inda yake, ga ni nan zuwa. Kuma in mun haɗu, kusa da ni zai zauna.

Mahaifinki,
Alhaji Munkaila