Kaset Mai Murya Babu Hoto

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauƙaƙa maka aikinka, Ya tsare ka a cikin mutanen da ba naka ba. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Umma ta yi sauƙi tun da ta rage tsayuwa a bakin murhu. Auta haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, yanzu ba ta dariya sai ta rufe baki da hannu. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana uku, ta yi faɗa da kowa har da kyanwa, ta tafi tana sa mana albarka. Ni kuma na fara sakandare, bencina na can baya kusa da taga. Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san halina a waya, in an miƙo mini ba abin da ke fita daga bakina sai lafiya lau, shi ya sa na zaɓi takarda.

Ka ce in duba kwalin tsofaffin kaset na Baba, in gaya maka waɗanda suka cancanci a kwafe wa yaranka kafin su lalace. Na duba. Sha uku fumfuna ta cinye su, ko juyawa ba sa yi. Sauran muna kallon ɗaya kullum in na dawo daga makaranta, ni a kan tabarma, Baba a kujerarsa ta katako. Ba ya yarda kowa ya taɓa cikin bidiyon. Shi ke buɗewa, ya goge da auduga a hankali, yana ba ni labarin shekara talatin da ya yi yana haska fim a gidan silima. Ya ce a duk shekarun nan ba a taɓa yi masa ihu don hoto ya yi dishi-dishi ba. Uku zan ba ka labarinsu, don su ya fi so.

Akwai na ban dariya, na ma'aikatan gidan burodi da suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Golansu tsoron ƙwallo yake ji, in an bugo sai ya runtse ido ya dafe kai. Kocinsu tela ne, bai san komai ba sai gwada tsawon ƙafafunsu da tef, wai mai doguwar ƙafa shi zai buga gaba. Duk wasan da suka yi cinye su ake yi. A wasan ƙarshe ma an cinye su, sai dai sun ci ƙwallo ɗaya tak, ita ma a ƙeyar wani ta bugu ta shiga, amma gari duka ya fito yana murna kamar sun ɗauko kofi. Abin da na fi so ke nan, da ba a sa sun yi nasara ta ƙarya ba. Baba tun kafin abin dariyar ya zo yake fara dariya, har Umma ta leƙo ta ce ya bar yarinya ta gani da idonta mana. Wannan a kwafe shi, yara za su so.

Na faɗa kuma, direban babbar mota ne zai kai magani wani gari a bayan duwatsu, 'yan fashi suna bin sa. Baba ya ce lokacin da ake haska shi mutane kan benci suke hawa, mai gadi yana bin su da tocila. Ni gaskiya bai kwanta mini ba. Na fara ƙirga waɗanda aka kashe har na ɓace, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi ɗan waye. Jarumin ya faɗo daga saman mota, rigarsa ta yage, amma gashin kansa ko motsi bai yi ba. Wurin da suka hau gadar katako ne kawai ya tsorata ni, sai da na ɓoye fuska a gwiwa. Da na faɗi ra'ayina Baba ya ce ai Ummana na gado, mu fim in ba a yi kuka ba ba fim ba ne. Ka bari sai yaran sun ƙara girma.

Na ukun shi ne na sararin samaniya. Wani mutum ne aikinsa kai wasiƙu daga wata duniya zuwa wata a cikin jirgi shi kaɗai. Tafiyar da shi yake gani ta wata biyu ce, su mutanen ƙasa shekaru masu yawa ne a wurinsu. Sai ya kai wa wata tsohuwa takardar da mahaifiyarta ta rubuta mata tun tana yarinya. Ban gane dalilin da lokaci ke bambanta ba, Baba ya yi ta kwatanta mini da hannu, na ce na gane don kunya. Fim ɗin yana da jan rai, kuma jirgin kana ganinsa ka san abin wasa ne aka rataye da zare. Duk da haka ya fi sauran tsaya mini a zuciya. Sai dai ba zan iya ce maka ƙarshensa yana da kyau ko ba shi da kyau ba, don ban gani ba, kuma a nan ne maganar da ta sa na ɗauki biro take.

Yaya, muna tsakiyar kallo hoton ya mutu. Babu komai a talabijin sai ɗigo-ɗigo fari da baƙi kamar yayyafi, amma murya da kiɗa suna tafiya lafiya lau. Na miƙe zan kashe, sai Baba ya ce in zauna, nan ne wuri mafi kyau. Ya nuna talabijin da yatsa, ya ce in dubi yadda jirgin ke ratsawa tsakanin rana biyu, in dubi launin nan, yanzu ba a iya yin irinsa. Na kalli talabijin, na kalle shi. Fuskarsa a sake, yana murmushi. Na koma na zauna. Ya yi ta nuna mini abubuwan da babu su, ni kuma ina cewa eh Baba. Umma ta tafi kasuwa, mu biyu ne a ɗakin. Mun daɗe a haka kafin Auta ta shigo da gudu ta ce wa ya ɓata talabijin, babu hoto.

Baba ya sauke hannunsa. Ya aiki Auta ta ɗebo masa ruwa, ya sa na kashe bidiyon. Sannan ya gaya mini cewa idonsa ne, abin ya fi shekara yana matsowa, yanzu haske da inuwa kawai yake bambantawa, taga ma farin abu ce kawai a wurinsa. Fina-finan duk a kansa suke, da kunne yake bin su. Ya ce ka sha wuya kafin ka sami wurin da kake, ba ya so a tayar maka da hankali ka baro aiki saboda tsohon da ya riga ya gama ganin abin da zai gani. Ya ce, "Kada Yayanki ya ji wannan daga bakinki." Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Kaina kawai na sunkuyar, na manta ba ya gani.

Daga ranar na fara haɗa abubuwa. Jaridar da ya daina karantawa wai duk ƙarya ce. Shayin da yake zubawa a gefen kofi ya ce hannunsa ne ke rawa. In an yi sallama ba ya kiran suna sai an ƙara magana. Da kuma ranar da ya dawo da gwiwa a kurje, wando a yage, ya ce santsi ne ya kwashe shi, ashe mai babur ne ya goge shi a babban titi. Umma ta sani tuntuni, shi ya sa ba ta barin bokiti a tsakar gida, ƙofa kuma ko a rufe ruf ko a buɗe gaba ɗaya. Ta roƙe shi ya je asibiti, Kawu ma ya roƙe shi, ya ce gajiya ce kawai, ya kuma hana su gaya maka. Mai kemis ya ce wa Umma wani ciwon ido ana warkar da shi, wani kuma tsayar da shi kawai ake yi a inda ya kai, don haka kowane wata da aka bari asara ce. Kuma har yanzu kullum da safe yana tsallaka titin nan shi kaɗai zuwa shagon abokinsa mai gyaran rediyo, yana sauraron motoci da kunne.

Kwana tara na yi da maganar a cikina. Na so in rubuta maka a ɓoye, na kasa, don ban taɓa yi wa Baba abu a bayan idonsa ba. Shekaranjiya na tsaya a bakin ƙofarsa, na riƙe labule, na ce masa zan rubuta maka. Ban san inda na samo muryar ba. Kwana biyu bai nemi a sa kaset ba, in na kai masa abinci Umma yake yi wa sannu. Ban taɓa sanin shirun wani yana ciwo haka ba, ni da kowa ke yi wa tsiya da shiru.

Yau da safe ina ɗaura igiyar takalmin makaranta, na ga ya fito da hularsa ya tsaya a bakin ƙofar gida, bai wuce ba kamar kullum. Can ya ce, "Zo ki tsallakar da ni titi." Ya ɗora hannunsa a kafaɗata, muka bi ta gaban mai shago da masu jiran mota, kowa yana kallonmu, shi kuma kansa a sama yana amsa gaisuwa. Hannun nasa yana da nauyi, Yaya, kuma duk motar da ta wuce sai ya ƙara matse ni. Da muka kai ɗaya gefen bai sake ni nan da nan ba. Ya ce in dai sai na rubuta, to in gaya maka kada ka kuskura ka bar aikinka, ka nemi hutu yadda ake nema. Na makara, an sa ni sharar aji, ban damu ba.

Don Allah ka nemi hutun ka zo. In ka kira waya kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka yi maganar in akwai mutane a kusa da shi. Ni zan riƙa tsallakar da shi kullum kafin in wuce makaranta, wannan zan iya. Amma asibiti ba wanda zai bi sai kai.

Umma tana gaishe ka, ta san na rubuta, ita ta ba ni ambulan. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa. Auta ta ce a gaishe da yaranka Dogo da 'Yar Baba, wai su zo su ga haƙoranta in sun fito. Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce na gode da jakar makaranta. Allah Ya kawo mana kai lafiya.

Ƙanwarka,
Shiru-shiru