Wa Ya Yi Wa Marigayi Yayana Allurar Korona?

Zuwa ga Jami'in da ke kula da aikin rigakafi a yankinmu na bakin kogin Haɗeja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, ina neman afuwa da na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a. Sau uku na zo ofishinka, sau uku aka ce ba ka nan. Ban sani ba ko da gaske ba ka nan, ko kuwa an ga rigata ne aka ce haka. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Sunana Sale, ana ce mini Sale Mai Jirgi. Ƙauyenmu yana hayin kogi. Idan damina ta yi nisa ruwa yakan yanke mu, babu shiga babu fita sai da kwale-kwale, kuma tun ina saurayi nake wannan tuƙi. Da rani ina noman shinkafa. Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, amma ina iya karanta suna da kwanan wata, kuma a kan suna da kwanan wata ƙorafina yake.

Shekarar da korona ta shigo, azumi ya same mu cikin kulle. An rufe kasuwa, kifin da aka kama ya rasa mai saye, mata suka yi ta banda har itace ya ƙare. Muna jin labari daga cikin gari cewa dattawa suna ta tafiya. A cikin wannan azumin yayana Haruna, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya kwanta da tari da zazzaɓi. Kwana biyar numfashi ya gagare shi. Ni na saka shi a jirgi zan kai shi asibiti, ya cika kafin mu kai gaɓa. Ba a gwada shi ba, don haka ba zan rantse in ce korona ce ba. Amma na ga yadda mutum yake neman iska ya rasa, kuma ban so in sake ganin haka a gidanmu.

Da shekara ta zagayo aka ce allura ta zo, mutanenmu suka ƙi. Wasu na cewa duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba, wasu na cewa tana tsayar da haihuwa, har da masu cewa cokali zai manne a damtsen mutum. Bulamanmu, wato mai garinmu, ya kira ni ya ce, "Sale, kai za ka ɗauko su, kai za ka mayar da su. Idan ka yarda, wasu za su yarda." Na yi shawara da zuciyata, na yarda. Ranar da ma'aikatanka suka zo, na naɗe hannun riga a gindin tsamiyar ƙofar masallaci aka fara da ni. Bayana mahaifiyarmu ta fito, Inna Kande, tsohuwar da sai da sanda take tafiya. Ta ce, "Da wannan ta zo da wuri, ƙila da Haruna yana nan." Ta miƙa hannu. Ganin ta miƙa ne ya sa mata suka fito, maza suka ji kunya suka biyo. Aka ba kowa katinsa, aka ce bayan wasu makonni za a dawo a yi ta biyu.

Ba ni da ƙorafi a kan wannan rana. Hannuna ya yi tsami, na yi zazzaɓin yini guda kamar yadda aka gaya mana, na warke. Ƙorafina yana kan zuwan na biyu, kuma ga abin da na gani da idona.

Na ɗaya. A zuwan farko ni na ɗora kular allurar a cikin jirgi. Tana da nauyi, sanyinta har ya ratsa mini riga. A zuwa na biyu ma ni na ɗaga ta. Ba nauyi, ba sanyi, sai wani abu da ke ƙara a ciki kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Jagoran ma'aikatan ya fizge ta ya ce, "Ajiye, tuƙi ne aikinka." Har suka koma ban ga an buɗe ta ba.

Na biyu. Mutane sun taru tun hantsi, har da waɗanda suka bar gonarsu tsuntsun jan-baki yana cin shinkafa. Ba a yi wa kowa allura ba. An ce mu naɗe hannun riga za a ɗauki hoto tukuna. An zaunar da Inna a kan benci, aka ɗora mata sirinji a damtse da marfinsa a rufe, aka ɗauka. An ɗauki Bulama, an ɗauke ni. Daga nan jagoran ya ce a tattaro katuna za a je a shigar da su a na'ura, hadari yana haɗowa, za su dawo mako mai zuwa. Ni mai jirgi ne, ranka ya daɗe, na san hadari. Ranar babu ko gajimare. A hanyarmu ta komawa, malamar asibitin da ke tare da su, wadda ita ta yi mana allurar farko da hannunta, ba ta ɗaga kai ba har muka fita daga cikin kachala, ciyawar da ta cika kogin. Da za ta sauka ta ce mini a hankali, "Baba, ku yi haƙuri." Ban gane haƙurin me take ba ni ba sai daga baya.

Na uku. Ba su dawo ba. Katunan ne suka dawo, a cikin leda, ta hannun wani ɗan acaɓa. Kowane kati an cike gurbin allura ta biyu, da kwanan watan ranar hoton, da sa hannu, da hatimi.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Katunan da suka dawo sun fi waɗanda aka karɓa yawa. Hadiza, matar marigayi yayana, ba ta karatun boko. Ta same ni a bakin ruwa ina kwashe ruwan jirgi, ta miƙo mini kati ta ce, "Duba mini wannan, an ce na Malam ne." Na duba. Sunan Haruna ne, da sunan mahaifinmu, an yi masa ta farko, an yi masa ta biyu. Mutumin da ni na yi masa wanka, na shiga kabarinsa na kwantar da shi kusan shekara guda kafin allurar ta shigo ƙasar nan. Na karanta mata. Ta ce, "To a ina suka same shi?" Ta bar mini katin ta koma gida. Kafin magariba babu gidan da bai ji ba.

Na tambayi Bulama yadda aka yi suka san sunan. Ya ce jagoran ya ari tsohon littafin da aka rubuta sunayenmu lokacin rabon gidan sauro, ya ce zai duba wani abu. Akwai wasu mamatan a littafin, su ma katinsu ya zo.

Wannan ne ya kawo ni ofishinka. Zuwan farko aka ce kana taro. Na biyu aka ce ka tafi Dutse. A na uku wani ma'aikaci ya karɓi katin Haruna ya juya shi, ya yi dariya ya ce, "Malam, mutane suna neman kati suna rasawa, ku an kai muku har gida. Me kuma kake so?" Ya nemi in bar masa katin. Na ƙi. Yana nan a wurina, na nannaɗe shi a leda.

Za ka ce korona ta wuce, me ya sa sai yanzu? Na yi shiru ne don na ɗauka abin ya ƙare a kaina. Ana yi mini ba'a a majalisa, ana ce mini direban masu yi wa gawa allura, na haɗiye. Ashe ba a kaina zai ƙare ba.

Da bazarar da ta wuce ƙyanda ta shigo yankinmu. Kafin ta iso mu, wasu ma'aikatan suka zo yi wa yara rigakafi. Ba waɗancan ba ne, kuma kularsu da nauyi. Amma da aka hango su, iyaye mata suka shige ɗaki da 'ya'yansu suka saki asabari. Na je wurin ɗana Musa, mai 'ya guda, Ummi, 'yar shekara biyu. Na ce ya fito da ita. Musa bai taɓa musa mini magana ba, amma ranar ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Mutanen da suka rubuta sun yi wa Baffa Haruna allura yana kabari, ta yaya zan san abin da za su saka wa 'yata?" Ni ne na taɓa tsayawa na ce a yarda da su.

Ƙyanda ta kama Ummi. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma idonta na hagu ya yi fari, ba ta gani da shi. Ɗan maƙwabcinmu bai tashi ba. Da muka kai Ummi asibiti a cikin gari, likita ya yi mana faɗa ya ce wannan jahilcin mutanen ƙauye ne yake kashe yara. Na sunkuyar da kai. Na yarda da ƙaddara, kuma na san muna da laifinmu. Amma kafin ranar hoton nan mutanen ƙauyenmu ba sa ɓoye yara.

Ranka ya daɗe, ban ce da hannunka a ciki ba. Ban sani ba. Amma akwai tambayoyin da nake kwana da su nake tashi da su. Allurar da aka rubuta an yi mana, ina ta tafi? An zubar da ita ne, ko ta lalace aka ɓoye, ko tun farko ba a fito da ita ba? Wane ne ya sa hannu a katin Haruna, kuma wane ne ya karɓi lissafin a ofis bai tambaya ba? Ƙauyenmu kaɗai aka yi wa haka, ko duk ƙauyen da sai an shiga jirgi ake isa gare shi, tunda an san babu babban da zai jiƙa takalminsa ya je dubawa? Hoton Inna kuma, wa aka nuna wa, aka ce masa me? Ta rasu ba ta san an yi shaida da fuskarta ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka zo da kanka, kada ka aiko. Ka zo da rijistar wancan aikin a karanta sunayen a gaban jama'a, a soke na mamata, a gyara na masu rai. Ka nemo malamar nan ka tambaye ta cikin sirri da mutunci, ba don a hukunta ta ba, don ina jin ita ma abin ya daɗe yana cinta. Wanda ya yi wannan aiki a faɗa mana an gano shi, ko da ba za a faɗi sunansa ba. Daga yanzu kuma duk ma'aikacin da ya zo, ya buɗe kularsa a gaban Bulama da iyaye, su ga ƙanƙara, su ga kwalba, kuma kada kati ya sake barin hannun mai shi.

Akwai dalilin da ya sa nake gaggawa. Matar Musa ta haihu makon jiya, an samu namiji. Na sake yi masa maganar rigakafi. Wannan karon bai ce a'a ba. Ya ce idan babbansu ya zo ya tsaya a gaban mutane ya ce abin da aka yi ƙarya ne kuma ba za a sake ba, shi zai fara miƙa ɗansa. Na san samarin ƙauyenmu, idan Musa ya miƙa za su miƙa. Na ce masa za ka zo. Ban san ka ba, ban taɓa ganin fuskarka ba, amma na ce masa za ka zo.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya tsare ka da abokan aiki marasa amana, ya raya maka zuriya cikin ƙoshin lafiya. Allah ya jiƙan mamatanmu da naku.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Sale Mai Jirgi,
daga hayin kogi, ƙasar Haɗeja.