Dutsen Taimamar Hajiya

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya jikin Malam? Mu nan Aston ta Ingila lafiya, sai sanyi.

Kin san tun rasuwar Baba, Hajiya ba ta samun barci. Da ta iso wurinmu, likita ya hana ta taɓa ruwa saboda gyambon hannunta, sai na ba ta wani dutse mai sheƙi da na tsinta a tagar ɗakinta, take taimama da shi. Tun ranar take barci kamar jaririya. Sai dai kullum da safe takan ce wata baturiya ta zo tana rawar ɗari.

Na nuna wa maƙwabciyata dutsen. Ta ce na Margaret ne, tsohuwar da ta riga mu zama a gidan, a ƙarƙashin matashi take sa shi don barci. Aka yanke mata tallafin gwamnati, ta daina kunna hitar ɗumama ɗaki, a ɗakin da Hajiya take kwana ta rasu.

Yaya, in na ɗauke dutsen, barcin Hajiya fa? Ki tambayar mini Malam, ku sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ban gaya wa Hajiya komai ba. Ɗazu ta ce in ƙaro bargo, wai Margaret ce ta roƙa.

Ƙanwarki,
Hauwa